Wata uku da na ajiye gem ɗin ƙwallo: ga inda na kai

'Yan uwa masu koyo, ga rahoton da na yi muku alkawari. Jiya aka cika wata uku cif da na kafa wa kaina doka cewa ba zan kunna gem ɗin ƙwallo ba sai na ɗanɗana wasu. Ni a gidan gem na tashi, inda ake biyan kuɗin wasa ɗaya, wanda aka ci ya miƙa pad ya koma benci yana cizon yatsa. Tun ana ce masa PES har Konami suka mayar da shi eFootball a 2021, shi kaɗai na sani, kuma ina ganin kaina gwani. Ashe abu ɗaya yatsana ya iya: danne maɓallin gudu.

Wanda ya fara tona min asiri shi ne Hollow Knight. Wani ƙaramin kamfani ne a birnin Adelaide na Ostareliya, Team Cherry, ya fitar da shi a 2017. Kai ɗan ƙwaro ne riƙe da ƙusa a madadin takobi, kana gangarawa cikin wata rusasshiyar masarauta a ƙarƙashin ƙasa, babu mai nuna maka hanya. Taswira ma saye za ka yi a wajen wani mai zane, Cornifer, kuma ko ka saya ba za ta nuna maka inda kake tsaye ba sai ka koma gari ka sayi kamfas a shagon matarsa, geo 220 a kuɗinsu na can. Dare biyu na yi ina bilinbituwa kamar baƙo a Kasuwar Kurmi kafin na gane haka. Ku fara da kamfas ɗin nan, kuma ku tuna sai an zauna a benci, wato wurin hutawa na cikin gem ɗin inda ake mayar da kai in an kashe ka, ake iya ɗaura shi.

Sai na isa wani yanki da ake kira Greenpath na gamu da Hornet, wata mayaƙiya mai allura da zare da ta tare min hanya. Sau 19 ta kashe ni, a bangon wani tsohon littafi nake jan layi. Kullum na shiga sai in afka mata kamar ɗan gaba ya ga gola shi kaɗai. Ana cikin karo na goma sha huɗu mahaifiyata ta kira. Na maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, hankalina ya rabu biyu, sai na bar sara, tsalle kawai nake ina kaucewa. Aka ɗau lokaci ban mutu ba. A nan ne idona ya buɗe: ashe duk harin da za ta kawo sai ta ba da alama. In ta durƙusa, a guje za ta taho ta ƙasa, sai ka tsallake ta. In ta jefa allurarta, akwai iyakar da take kaiwa, kuma ta inda ta tafi za ta dawo. In ta tsaya a sama tana shirin baza zare, ka ja da baya. "Kai wai kana ji na kuwa?" in ji Hajiya. Na ce, "Ina ji, Hajiya," kafin in rufe baki an aika ni benci. Washegari da daddare na ci ta, sara ɗaya ko biyu in janye. Wani abin lura kuma: sara uku ne ke tara maka abin da za ka maido da rai ɗaya daga cikin biyar ɗinka, amma maidowar sai ka tsaya cak. Ku jira ta faɗi tana haki tukuna.

Bayan wannan bugun zuciya na ce bari in huta da noma, na kunna Stardew Valley. Mutum ɗaya ne ya yi shi, Eric Barone, zane da kiɗa da komai, ya ɗauke shi sama da shekara huɗu kafin ya fito a 2016. Ka gaji gonar kakanka, duk ciyawa da duwatsu. Kwana ɗaya a ciki wajen minti 14 ne a agogonmu, kowane zango na shekara kuma kwana 28. Nan ma gaggawa ta biyo ni. Na ga farin kabeji yana da tsada, na kwashe kuɗina na sayi iri, tamanin-tamanin, na shuka ranar 20 ga zangon farko ban karanta cewa kwana 12 yake ɗauka ba. Ranar da sabon zango ya kama na fito da safe na tarar duk ya bushe. Da kakana yana raye da ya yi min dariya, shi da yake cewa mai shuka a ƙarshen damina wa tsuntsaye yake noma. Yanzu kafin in sayi iri sai na ƙirga kwanaki da yatsa. Ban-ruwa kuma yana cin ƙarfi sosai, kuma maƙerin gari kwana biyu yake riƙe butar in ka kai masa ya inganta ta, don haka ku duba hasashen yanayi a talabijin ɗin ɗakinku, ku kai ta gab da ranar da za a yi ruwa. Kamun kifinsa dai har yau ban iya ba, kuma ban ga laifina ba.

Call of Duty: Mobile na gwada mako guda na cire. In netwok ya yi rawa, kafin ka ga mutum ya riga ya harbe ka, ga data tana zuba kamar ruwa a kwando.

Wanda ya fi cin lokacina shi ne Age of Empires III, gem ɗin gina gari da yaƙi, sabon bugun da aka gyara. A 2021 suka ƙara masa wani ɓangare mai suna The African Royals, a ciki akwai Habasha da Hausawa. Birninka Kano, in kuma kwamfuta ce ke riƙe da Hausawa to Sarauniya Amina kake fuskanta. Akwai mahaya masu lifidi, akwai dakarun da suka kira Maigadi, akwai Fulani maharba kibiya, akwai maroƙa. Ranar farko ban yi yaƙi ba sam. Danna mutanena kawai nake ina jin suna amsa min da Hausa, har ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, rediyo ka kunna?" Ba duk abin da suka zana ne ya yi min daidai da tarihin da muka sani ba, sun haɗa zamunna da dama a tukunya ɗaya. Amma wanda ya sa kasuwar shanu a tsakiyar tattalin arzikin Bahaushe ya yi bincike. Kana kiwata su, in sun yi ƙiba ka sayar ka sami itace ko zinariya. Ban da abinci da itace da zinariya, akwai abu na huɗu da ake tarawa, wato faɗa-a-ji, da shi ake ɗauko sojojin haya da na ƙawaye. Ko shiga sabon zamani ma ta hanyar ƙulla ƙawance ake yi, da irin su Songhai ko Moroko.

To me na yi da duk wannan? Na tara mahaya biyar na tura su garin abokin gaba tun gari bai waye ba. Aka cinye su a bakin hasumiya, aka biyo sawu aka ƙone min gari. Sau uku ina maimaita wannan wauta. Sauri ya haifi nawa. Abin da ya gyara ni ƙa'ida ɗaya ce da na rubuta a takarda na manna a gefen allon laftof: kada gidan tsakiya, wato babban ginin garinka, ya zauna bai fitar da ma'aikaci ba. Sai kuma koyon maɓallan allon rubutu maimakon bin komai da linzami, wanda yatsun da suka saba da pad suka ƙi karɓa har kusan mako biyu. Yanzu ina cin kwamfuta a matsakaicin mataki. A mai wuya kuwa Amina tana shigo min gari kafin in gama gina bariki na biyu. Wasa ɗaya yakan haura rabin awa, batirin laftof ɗina kuma na hannu ne, don haka in an ɗauke wuta sai in yi maza in adana kafin ya mutu.

Jiya wa'adin ya cika, na zauna da ƙanena muka buga ƙwallo. Ya ci ni uku da ɗaya. Amma sau biyu na kama kaina na saki maɓallin gudu ina kallon inda mai tsaron bayansa zai karkata kafin in ba da fasin, kuma ta haka ɗayar tawa ta shiga. Shi bai lura ba, ihunsa yake yi.

Mako mai zuwa Celeste zan fara, na hawan dutsen nan na 2018 wanda yake ƙirga maka yawan mutuwarka da kansa, na huta da jan layi. A Hollow Knight kuma na tsaya a gaban Mantis Lords, wasu manyan abokan gaba su uku. Ta farko ina iya mata, amma da zarar biyun sun sauko tare sai idona ya rasa wadda zai bi. Wanda ya wuce su a cikinku ya gaya min: a tsakiya kuke tsayawa, ko kusa da bango?