Jan ɗigo a kan taswira

Talata, cikin watan Agusta. Da fitilar goshi nake rubuta wannan a cikin tanti, sai mun koma inda waya ke kamawa zan kwafe shi.

A garin Ely muka yi sallar asuba, ni da Yaya da ɗansa. Kafin ƙarfe bakwai mun kai bakin ruwa, mashigar daji ta 30, a tabkin da ake kira Lake One, wato tabki na ɗaya. Dajin nan na Boundary Waters yana arewacin jihar Minnesota ta Amurka, manne da iyakar Kanada. Ya haura eka miliyan ɗaya, tabkunansa sun fi 1,100, kuma akwai wuraren kwana kimanin 2,000 da hukumar gandun daji ta keɓe. Ni zango nake kiransu. Doka ba ta yarda a kwana a ko'ina ba sai a cikinsu. Takardar izininmu tun watan Janairu na kama ta, amma abin da ta ba mu shi ne mashiga da ranar shiga kawai. Zango kuwa wanda ya riga isa shi ke da shi.

Saboda haka taswira ce komai. Tamu ta kamfanin Fisher ce, ƙasa rawaya, ruwa shuɗi, kowane zango an sa masa jan ɗigo a bakin gaɓa. Makonni na yi ina duban ɗigogin nan a kan teburin cin abinci, har na zagaye guda biyar da fensir. Yau ne na ga yadda suke a zahiri.

Abin da ya fara ba ni wuya shi ne tsibirai. A takarda kowanne yana zaune daban, ruwa ya kewaye shi tsaf. Daga cikin kwale-kwale kuwa, ido yana kusa da ruwa, sai tsibiri ya haɗe da gaɓar da ke bayansa, duka su zama bango ɗaya na itatuwa. Babu allo, babu lamba, babu kibiya a jikin itace. Da gangan aka bar wurin haka, tun dokar kare daji ta 1964 da wadda ta biyo ta a 1978. Na ɗora taswira a cinya ina juya ta yadda arewarta za ta dace da kamfas, amma cikin rabin awa na rasa wane lungu muke.

Yaya yana baya, shi ke sarrafa kwale-kwalen. A Yauri ya tashi, ya san filafili tun yana yaro a kogin Neja. Ya ce, "Ƙanena, daina neman inda za mu. Ɗora yatsanka a inda muke, kada ka ɗaga shi." Haka na yi. Muka koma wani ƙaramin tsibiri da na tabbatar da shi, na ɗora babban yatsa a kai, duk hancin ƙasa da muka wuce sai na matsar da yatsan. Daga nan ban sake ɓata ba.

Tsakanin tabki na ɗaya da na biyu mun sauka sau biyu, muka ɗauki kwale-kwale a kafaɗa muka bi 'yar hanyar ƙasa. A taswira ana rubuta tsawon irin waɗannan hanyoyi da ma'aunin da suke kira rod, wanda ya kai ƙafa 16 da rabi, kusan tsawon kwale-kwale ɗaya. 320 ne ke yin mil guda. Hanyoyin sun daɗe. Mutanen Ojibwe, masu ƙasar, su suka bi su da kwale-kwalen ɓawon itace, daga baya fataken fatu masu jin Faransanci suka bi sawunsu. Da na ji nauyin jirgin a wuyana, su na tuna.

Wajen ƙarfe ɗaya muka fara neman masauki. Ɗigon da na fi so, na bakin wani tsibiri, tun daga nesa muka hango jan tamfol a ɗaure da kwale-kwale biyu a kife. Muka wuce ba tare da mun matsa kusa ba, don ba a damun wanda ya riga sauka. Na biyu ma da mutane. Na uku babu kowa, kuma a nan na fahimci cewa jan ɗigo abu ɗaya kawai yake faɗa: akwai murhun ƙarfe da salga a wurin. Bai gaya maka ko akwai inuwa ba, ko filin ya isa tanti biyu, ko za ka iya sauke kaya ba tare da ka shiga ruwa har ƙugu ba. Wannan yana can cikin wani lungu da iska ba ta shiga, bayansa fadama. Minti biyar muka yi, sauro ya rufe yaron. Da na sake duban taswirar, ga alamar fadamar nan ƙarara, 'yan layuka kamar ciyawa, a bayan ɗigon. Tun a gida tana nan, ɗigon ne ya ɗauke mini hankali.

Muka zauna a cikin kwale-kwale, muka sake karanta takardar a tsanake. Wannan karon abin da ke kewaye da ɗigo muka duba. Inda layukan tudu suka matsu da juna a bakin ruwa, gangare ne, sauka za ta yi wuya. Inda suka yi sarari, akwai fatan samun fili. Zangon da ke kan hancin ƙasa, yana fuskantar yamma, zai sha iska, domin daga can ta fi kaɗawa a wannan lokaci, ita ce kuma ke korar sauro. Wanda ke dab da bakin hanyar ƙasa zai sha hayaniyar masu wucewa.

Akwai kuma abin da taswira ba ta nunawa sam. A 2011 aradu ta kunna gobarar da ake kira Pagami Creek, ta cinye eka kusan 93,000 a wannan yanki. Da muka nufi kudancin tabki na uku mun ga sawunta: dogayen itatuwa busassu a tsaye, furfura-furfura, ƙananan sabbi sun cika ƙarƙashinsu. Abin ya taɓa ni, na daɗe ban ce komai ba. Ga mai neman wurin kwana kuma akwai matsala a fili, domin busasshen itace yana iya faɗowa kan tanti cikin dare, ga shi ana bukatar reshe mai ƙarfi da za a rataye abinci saboda dabbar dajin nan beyar, ƙafa 12 daga ƙasa, ƙafa 6 daga jikin itacen. Muka juya muka nufi ɓangaren da wuta ba ta ci ba.

Yaron ne ya gano zangon. Mun zo daidai inda ɗigon ya kamata ya kasance, ni ban ga komai ba sai duwatsu. Ya ce, "Baba ƙarami, duba can, itatuwan sun yi ƙofa." Gaskiya ne, akwai ɗan sarari tsakanin itatuwa, ƙasar wurin ta sha taku, ga wani dutse da ya yi baƙi da hayaƙi. Na sauka na hau. Ga murhun ƙarfe a kafe, guma-gumai a jere kewaye da shi don zama, ga siririyar hanya da ta shige daji zuwa salga. Sai da na ga waɗannan biyun na ɗaga musu hannu su sauke kaya. Ƙarfe huɗu saura kwata.

Wurin yana da falalen dutse mai faɗi wanda ya gangara cikin ruwa. A kansa muka yi la'asar, alƙibla tana arewa maso gabas, kamfas ɗin da ya kawo mu shi ya nuna mana ita. Yaya ya dafa shinkafa da wake, muka zuba mai da yajin da matarsa ta ƙulla mana, tunda ba a shigowa da abincin gwangwani ko kwalba. Magariba ba ta yi ba sai bayan ƙarfe takwas. Iska ta yi ta kaɗawa daga yamma kamar yadda muka yi tsammani, sauro bai fito ba sai da duhu ya shiga.

Bayan isha'i na shimfiɗa taswira a kan jaka, na goge zagayen da na yi a gida. Gobe za mu nufi tabki na huɗu. Na zaɓi ɗigo shida, na sa musu lamba bisa yadda za mu riske su, na soke biyu da ke da fadama a baya. Yaya ya ce mu tashi da sanyin safiya, mu kama zango kafin azahar. Tsuntsun ruwan nan da suke kira loon yana ta kuka daga can ƙetare, wani yana amsa masa. Yaron ya yi barci da kamfas a wuyansa.