Kiran furosija daga cikin manhaja, abin da aiki ya koya min

Rubuta furosija, wato jerin umarnin SQL da ake ajiyewa a databes a riƙa kiransa da suna, ba shi ne aikin ba, rigimar tana wajen kiranta daga kod, nan ne za ka ga abu na tafiya lafiya lau a pgAdmin, manhajar sarrafa databes ɗin PostgreSQL, amma kana kiransa daga Python ko Java sai ya turje. Abin da na gane shi ne tsakaninka da databes akwai ɗan aike, wato direba, kuma ba kullum yake kai saƙo yadda ka ba shi ba.

Ɗauki PostgreSQL. Kafin 2018 babu furosija a cikinta sam, fankshin kawai ake rubutawa a kira shi da SELECT, sai da siga ta 11 ta fito aka samu CREATE PROCEDURE da CALL. To direbobin kuma tun kafin nan aka rubuta su. A psycopg2, direban Python, in ka kira callproc, kar sunan ya ruɗe ka, SELECT yake haɗawa ya tura, fankshin kenan yake kira, in furosija ce sai dai ka rubuta CALL da hannunka cikin execute. Java ma haka, ka sa call a CallableStatement, abin da Java ke kiran furosija da shi, direban ya juya shi zuwa SELECT ba tare da ya gaya maka ba, sabar ta dawo da ƙorafi wai wannan furosija ce a yi amfani da CALL, kai kuma kana kallon kod ɗinka ga call nan ɓaro-ɓaro. Wani saitin direban ne fa kawai, escapeSyntaxCallMode, a mayar da shi callIfNoReturn shi kenan.

Amma wanda ya fi cin rai shi ne maganar COMMIT, umarnin da ke tabbatar da canji a databes, don shi wani lokacin ko ƙorafi ba ya yi. psycopg2 yana buɗe tiranzakshin, wato ƙunshin canje-canjen da ba sa tabbata sai an yi COMMIT, da kansa tun daga umarnin farko kuma ba ya rufewa sai ka ce. Sai ka kira fankshin da ke shigar da sabon rasit, tunda da SELECT ka kira shi zuciyarka ta ɗauka karatu kawai ka yi, ya dawo maka da lambar rasit, manhaja ta nuna wa kwastoma an biya, konekshin ya rufe, komai ya koma kamar ba a yi ba. Gobe a duba tebur babu rasit, sai giɓi a jerin lambobi, domin lambar da aka riga aka ciro ba ta komawa ko an yi ROLLBACK, wato an soke canjin. Ta ɗaya ɓangaren kuma in furosijar da kanta tana da COMMIT a ciki ka kira ta alhali tiranzakshin na buɗe, PostgreSQL za ta ce invalid transaction termination, dole ka kunna autocommit tukuna, saitin da ke hana direba buɗe tiranzakshin da kansa. Ni dai ra'ayina manhaja ce ya kamata ta riƙe COMMIT, in ban da irin ayyukan dare da ke bin miliyoyin layuka kashi-kashi, can kam a bar wa furosija. Ko ma wanne aka zaɓa a rubuta shi a saman fayil kowa ya gani.

MySQL tana da furosija tun siga ta 5.0 a 2005, ita kuma tata matsalar CALL na dawo da ƙarin sakamako ɗaya bayan naka, in ba ka kwashe shi da next_result a mysqli, direban PHP, ba tambaya ta gaba za ta faɗi da Commands out of sync. A SQL Server da C# kuwa faramitar OUTPUT, wadda furosija ke dawo da amsa ta cikinta, ba ta cika sai ka rufe DataReader, abin da kake karanta sakamako da shi.

Wasu na ganin tunda furosija ce an tsira daga masu kutse ta hanyar cusa umarnin SQL a fom, a'a wallahi, in ka manna abin da mutum ya rubuta a fom kai tsaye cikin layin CALL ƙofar a buɗe take, a tura shi ta faramita.

Yanzu in kira ya ƙi ba na fara zargin furosijar, sai in kunna saitin log_statement na PostgreSQL a kan all a injin gwaji, ko in buga cursor.query a psycopg2, in karanta ainihin abin da ya isa sabar.