Wasiƙa daga Belderrig, inda gida ba lamba

Assalamu alaikum mutanen gida, da fatan kowa lafiya. Masu ta tambayata a WhatsApp wane layi nake a Ailan, mece ce lambar gidanmu, yau bari in amsa muku gaba ɗaya, maganar naman halal ma zan taɓo in sha Allah.

Inda nake ba layi ba lamba. Sunan wurin Belderrig, a arewacin gundumar Mayo, bakin tekun Atlantika tsakanin Ballycastle da Belmullet. Irin wannan ɗan yanki suna ce masa taunlan, kuma duk tsibirin a yayyanke yake haka, sun haura 60,000. Adireshinka shi ne sunanka da sunan taunlan, shi kenan, mai kawo wasiƙa ya san kowa har kakansa. Baƙo ne ke shan wuya wallahi, banki su ce kawo shaidar adireshi, fom na neman lambar gida, mai kawo kaya ya yi ta bulayi cikin ruwan sama yana kira, sai da mai gidan da nake haya ya ba ni Eircode, lambar da aka fito da ita a 2015, kowane gida da tasa. Amma in kuka gaisa da mutum taunlan ɗinsa zai faɗa maka, da alfahari kuwa.

Bishiya da ƙyar ka gani, sai iska da tumaki masu fenti a gadon baya, da baƙin taɓo da suke yankawa su shanya kamar tubali, in ya bushe shi ne makamashinsu. Wajen yankan nan ne wani malamin makaranta, Patrick Caulfield, ya ci karo da jerin duwatsu ƙarƙashin taɓon a shekarun 1930, daga baya ɗansa Seamus ya bi da sandunan ƙarfe yana tsira ƙasa, ashe katangun gonaki ne na sama da shekara 5,000. Yanzu Céide Fields, wurin irin waɗannan tsofaffin gonaki da ke gabas da mu, har baƙi ke zuwa gani.

Abin da ya fi taɓa ni kufai ne. Yunwar 1845 ta yi wa Mayo mugun ta'adi, a 1841 mutanenta sun kai kusan 388,000, a ƙidayar 2022 ba su kai 140,000 ba. Duk da haka tsohuwa za ta nuna maka bango ba rufi ta ce gidan su wane ne, sun tafi Amurka, jikokinsu kuma har yau suna zuwa da sunan taunlan a takarda suna nema. Ku da ke kusa da tsofaffinmu, don Allah ku tambaye su sunayen gonaki da kufan garinmu ku rubuta, ko a waya ne.

Halal akwai, masallaci ma akwai a Ballyhaunis tun 1987, sai dai tafiya ce sosai daga nan. Maganar aiki sai wata wasiƙar, a gaida kowa.