Abin da Darasin Giyar Inabi Ya Koya Mini Game da Zoɓo

Duk wanda ya karanta harkar otal da girke-girke ya san akwai babin da ba a tsallakewa, babin abubuwan sha, kuma rabinsa maganar giyar inabi ce. A Bauchi wannan babin yakan zo da ɗan nauyi. Jiha ce da ake aiki da shari'ar Musulunci tun 2001, mafi yawanmu a ajin Musulmi ne, cikin Kiristocin ma da dama ba sa sha. Amma jarrabawa ba ruwanta da wannan, haka shi ma manajan otal a Abuja ko Legas da zai ɗauke ka aiki. Malaminmu ya koyar da babin kaf ba tare da ko ɗigon giya ya shigo aji ba. Ni ban taɓa kai ta baki ba, kuma ba ni da niyya. Sai dai tsarin ɗanɗanon da na koya a nan, da shi nake cin abinci yau, a wata ƙaramar masana'antar zoɓo da kunun aya da ke cikin gari.

Inabi iri uku ya fi tsayawa a kai: shiraz da grenache, waɗanda ake jar giya da su, sai riesling na fara.

Shiraz baƙin inabi ne mai kaurin ɓawo. A Faransa syrah suke kiransa, kuma an daɗe ana cewa daga birnin Shiraz na Iran aka kawo shi, har sai da binciken ƙwayoyin gado ya nuna iyayensa wasu inabi biyu ne na kudu maso gabashin Faransa. Wani mutum mai suna James Busby ya kai rassansa Ostireliya a 1832, yanzu kwarin Barossa na can ya yi suna da shi. Abin da masu ɗanɗano ke nema a cikinsa guda biyu ne: bauri, da wani ƙamshi irin na baƙin masoro.

Ranar da za a yi maganar bauri, Malam ya aika kasuwar Wunti aka sayo goro, ya sa aka dafa shayi mai kauri, ba madara ba sukari. Kowa ya kurɓa ya riƙe a baki. Wata ɗaliba ta yatsine fuska ta ce, "Malam, ai wannan ɗaci ne kawai." Ya ce, "To haɗiye, ki goga harshenki a dasashi, ki faɗa mini abin da kika ji." Ta yi shiru, sannan ta ce bakinta ya bushe, harshen ba ya zamewa. Ya ce wannan shi ne bauri. Ɗaci harshe ne ke jin sa, shi kuwa bauri taɓawa ce. Sinadarin tanin da ke cikin ganyen shayi da goro da ɓawon inabi yana kama sinadaran da ke sa yawu santsi, sai bakin ya yi kaushi. A wurin aikina wannan bambancin kuɗi ne. Idan zoɓo ya yi tsami, sukari zai iya gyara shi. Idan bauri ya yi, an bar shi ya daɗe a wuta ne ko a jiƙe, kuma ko buhun sukari ka juye ba zai fita ba. Mai dafawa za ka je ka samu.

Maganar masoron ce ta fi zama a raina. A 2008 wasu masu bincike a birnin Adelaide suka gano sinadarin da ke ba shiraz wannan ƙamshin, ana kiransa rotundon, kuma shi ne dai a cikin baƙin masoro. Suka kuma gano cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin sa ko kaɗan, komai yawansa. Wato ƙwararru biyu za su iya ɗaga kofi ɗaya, wannan ya rantse akwai masoro, wancan ya rantse babu, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Haka Allah ya yi hancinsu.

Tun daga nan na daina yarda da ɗanɗanon mutum ɗaya, har da nawa. Muna da wata ma'aikaciya da ke jin kunun aya ya fara juyawa tun sauranmu na cewa lafiya lau yake, amma ƙauri zai iya wuce ta ba ta ji ba. Wani yaro da ke wanke robobi kuwa, daga bakin ƙofa yake jin tukunya ta kama. Da farko ba ya cikin masu ɗanɗano, don ba aikinsa ba ne. Yanzu yana ciki.

Grenache ba mu daɗe a kansa ba. Asalinsa yankin Aragon ne na Sifaniya, yana jure zafi da fari, ɓawonsa ba kauri, shi ya sa giyarsa ba ta yin ja sosai. Amma yana tara sukari, don haka ƙarfin barasarsa kan kai kashi 15 cikin ɗari. Mai kallo zai ɗauka sassauƙa ce. Malam ya haɗa wannan da gwajin da aka yi a jami'ar Bordeaux a 2001, inda aka rina farar giya da jan launi marar ɗanɗano aka ba ɗalibai 54 masu karatun giya, suka yi ta siffanta ta da kalmomin jar giya. Mu da farin zoɓo ya yi mana. Ya raba shi biyu, ya ɗiga wa rabi jan kala, kusan duk ajin muka ce jan ya fi kauri da armashi. Abu ɗaya ne daga tukunya ɗaya. Saboda haka idan ɗanɗano nake son aunawa, a kofin da ba a ganin ciki nake zubawa, launi kuma a duba shi daban a kofin gilashi, a gaban farar takarda.

Riesling na Jamus ne, a gaɓar kogin Rhine da Mosel, kuma an sami sunansa a rubuce tun 1435. Ƙasar sanyi ce, inabin yana nuna a hankali, tsaminsa ba ya gudu. Idan giyar ta daɗe a ajiye takan yi wani ƙamshi kamar na kalanzir, kuma masu sonta suna yaba wannan. Ajin ya kwashe da dariya da aka faɗa, don a nan in abin sha ya yi warin kalanzir, mai shago za a koma wa. Darasin da ke cikinsa shi ne yadda tsami ke ɓoye zaƙi. Riesling zai iya ɗaukar sukari mai yawa amma bai gundiri mai sha ba, saboda tsamin ya tare shi. Zoɓo ma haka yake. Buhun da aka sayo a kasuwar Muda Lawal wannan makon ba lallai tsaminsa ya zo ɗaya da na makon jiya ba. Ka zuba sukari mudu ɗaya a duka biyun, na'urar auna sukari ta nuna maka lamba ɗaya, amma a baki wannan ya yi zaƙi cau, wancan kuma ya yi daidai. Masu saye za su ce mun canza hannu, alhali ganyen ne ya canza. Shi ya sa kowane sabon buhu sai an dafa kaɗan an ɗanɗana kafin a ɗora babbar tukunya.

Sauran ƙa'idojin ƙanana ne. Ana yin ɗanɗanon da hantsi, kafin abincin rana. Ba goro, ba turare, mai mura ya hutar da kansa, abin da kan rage mana mutane sosai lokacin hunturu. A fara da mai sauƙi a ƙare da mai yaji, don bayan citta da kanumfari baki ba ya jin komai na ɗan lokaci. A kuskure baki da ruwa tsakanin kofi da kofi. Idan ana gardamar ko sauyin da aka yi ana jin sa, sai a jera kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, kowa ya nuna baren. Mai cinke ma zai dace sau ɗaya cikin uku, don haka sai mafi yawa sun gano shi muke yarda akwai bambanci.

Wadda ta fi wuya ita ce ta rubutawa kafin magana. Masu ɗanɗanon giya kowa takardarsa yake cikewa shiru, sannan a tattauna. A wurinmu, in Hajiya mai masana'antar ta riga ta ce "ya yi", wa zai buɗe baki ya ce bai yi ba? Kunya da girmamawa ba za su bari ba. Na daɗe ina neman yadda zan faɗa mata ba tare da ta ga raini ba. Daga baya na ce, "Hajiya, ke ce babba, hukuncinki ya kamata ya zo a ƙarshe, bayan kin ga na yara." Ta kalle ni, ta gane inda na dosa sarai, ta yi dariya ta ce a kawo takardun. Yanzu ita ce ke tattarawa, kuma in wani ya rubuta "da daɗi" kawai, mayar masa take yi ya faɗi ko zaƙi ne, ko tsami, ko bauri.