Jinyar 'Yata Daga Ciwon Giardiya a Rigasa

A daminar bara 'yata mai shekara biyar ta fara wata gudawa wadda babu jini a cikinta, sai maiƙo da wari mai tsanani, ga kumburin ciki. Muna zaune a Rigasa, ruwan shanmu kuwa daga rijiyar gida ne da 'yan ga-ruwa. Kamar yadda yawancinmu muke yi, na je kemis na sayo maganin tsutsar ciki, albendazol ƙwaya ɗaya mai miligiram 400, na ba ta, na ɗauka magana ta ƙare. Mako uku suka wuce tana cin tuwonta amma tana ramewa, har siket ɗin makarantarta ya fara zamewa daga ƙugunta. Wannan jinkirin laifina ne, kuma har yau yana damuna.

A asibiti an gwada bayan gidanta ba a ga komai ba, sai likita ta ce mu kawo sau uku a ranaku daban-daban, domin ƙwayar cutar ba kullum take fitowa ba. A karo na uku aka gano giardiya, wadda ba tsutsa ba ce, halitta ce ƙarama da ba a ganinta sai da madubin likita, kuma ƙwayar magani guda irin wadda na ba ta ba ta isa ta kashe ta ba.

Likitar ta juya takardar magani ta yi mini zane. Bangon ƙaramin hanji ba sumul yake ba, cike yake da ƙananan tsiro kamar gashin tawul, kuma ta nan ne abinci yake shiga jini. Giardiya tana da wani faifai a ƙasanta da take mannewa da shi kamar ƙahon wanzami. Ba ta shan jini kamar tsutsar nan mai ƙugiya da ke shiga ta tafin ƙafa ta ciji hanji, kuma ba ta haƙa gyambo kamar amiba mai kawo atini. Ɓarnarta ita ce ta lulluɓe bangon, gashin nan ya gajarce, sai maiƙo da sauran abinci su wuce ba tare da jiki ya amfana ba. A nan na gane dalilin ramar yarinyar da ba ta daina ci ba.

Ta sha metronidazol na kwana biyar tare da ruwan gishiri da sukari, gudawa ta tsaya. Mahaifiyarta, cikin ɗokin ta ga ta murmure, ta riƙa cika mata shayi da madarar gari, sai ciki ya sake ɓaci. Hankalina ya tashi na koma asibiti, likita ta ce ƙwayar ta mutu amma hanjin bai gama warkewa ba, domin sinadarin da ke narkar da sukarin madara a saman wannan gashin yake, kuma yakan ɗauki makonni kafin ya dawo daidai. Muka ɗauke mata madara, muka riƙe ta da kunun gyaɗa, wake, ƙwai da kifi.

Tun daga lokacin muke tafasa ruwan sha, saboda ƙwan giardiya yana jure kulorin da ake sa wa ruwa, tafasawa kuwa tana kashe shi. Na kuma ɗaga bakin rijiyarmu da bulo, na yi mata murfi. Sai bayan kusan mako shida ta sha madara rabin kofi, cikinta ya zauna lafiya.