Makunnin fankar mota: abin da aikin riwaya ya koya mini a Farin Gada

Duk direban da ke ɗaukar fasinja tsakanin Jos da Abuja ya san Hawan Kibo. Motar da take ɓoye wata cuta a lagireto, a nan asirinta yake tonuwa: but cike da kaya, mutane a matse a ciki, ga tirela a gaba tana rarrafe, babu halin wucewa. Sai allurar zafi ta fara tafiya sama. Idan Allah ya kawo shi gida lafiya, washegari zai shigo wurinmu, masu gyaran mota a Farin Gada ta Jos, da magana ɗaya a baki: "Oga, a yi mini fanka dairek," wato a haɗa fankar lagireto ta riƙa juyawa da zarar an buɗe ki. Wanda ya ɗan san mota kuma sai ya ce, "A sa mini makunni a ciki, ni zan riƙa kunnawa da kaina."

Jan wayoyin ba wani abu ba ne, yaron da ya yi 'yan watanni a wurin riwaya, wato mai gyaran wutar mota, zai iya. Inda aikin yake shi ne sanin motar da ta cancanci makunni, da mai motar da zai iya riƙe shi.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya yanka waya sai ya ji dalilin da ya sa fankar ta daina tashi. Yakan tambayi mai mota, "Alhaji, da can wa yake kunna maka ita?" Alhaji ya ce, "Ai da kanta take tashi." Sai ya ce, "To bari mu fara nemo wanda ya hana ta." A lokacin muna yara gani muke ɓata lokaci ne, ga kuɗi a hannu ana jan rai. Amma sau tari abin da za a tarar bai kai kuɗin makunnin ba: fis ya ƙone, ko rile, ɗan akwatin da ke ba fanka wuta, ya mutu, ko soket ɗin fankar ya yi tsatsa har ya koma kore, ko wayar at, wadda ke mayar da wuta ta ƙarfen mota, ta saki jikin bodi. Testa kawai za ka ɗauka, wannan ɗan kwan mai tsini, ka maƙala bakinta a jikin ƙarfe ka bi layin daga batir. Inda kwan ya daina kamawa, nan ɓarnar take.

Wani lokacin ma wutar lafiya lau take, ruwa ne da laifi. A yawancin motoci tamostat, wato 'yar ƙofar da ke sakin ruwan inji ya tafi lagireto, yana buɗewa ne tsakanin digiri 80 da 90, fanka kuma ba ta tashi sai ruwan ya kai tsakanin 90 da 100. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, don haka ruwa a buɗaɗɗen wuri yana tafasa a nan da ya kai wajen digiri 96. Murfin lagireto mai kyau, wanda za ka ga an buga 0.9 ko 1.1 a kansa, shi ne yake riƙe matsin da ke hana ruwan tafasa sai ya doshi digiri 120. Idan robar murfin ta mutu, kuma ruwan famfo zalla aka zuba kamar yadda aka saba, ruwan na iya fara tafasa yana zuba tun fankar ba ta ji zafin da zai tashe ta ba. Da ruwan ya ragu har ya bar kan sensa, wato abin da ke jin zafin ruwa ya tashi fanka, sensar ba ta sake jin zafin yadda ya kamata. Direba yana ganin tururi, fanka a tsaye, sai ya ɗora mata laifi. Na ga motar da aka jawo wa waya har cikin dashbod, alhali murfi kawai take buƙata.

Duk da haka akwai inda nake sa makunni ba tare da gardama ba. Tsohuwar motar haya da wayoyinta suka sha hannu daban-daban, ko wadda aka canza wa inji aka rasa inda za a ɗaura sensar asali, ko direban da ke kwana a gosilon Mararaba zuwa Nyanya yana son ya riga allura tashi. Waɗannan suna da hujja.

Amma ko a nan, akwai aikin da ba na yi: haɗa fanka kai tsaye da makunnin dashbod. Fankar lagireto tana jan amfiya 10 zuwa 20 idan tana juyawa, a daidai lokacin tashi kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Ƙananan makunnan da ake sayarwa a Dilimi, komai aka rubuta a jikinsu, ba su jure wannan wutar awa da awanni. An taɓa kawo mana wata Golf 3 da wani ya yi wa irin wannan aikin. Kafin a buɗe ƙofa ma warin ƙonanniyar roba ya tarbe mu. Makunnin ya narke ya manne da dashbod, wayar da aka ja siririya ce irin ta sifika, robarta ta yi baƙi tana murmushewa a hannu, kuma a gurbin fis an nannaɗa silin waya ne. Mai motar yana ta godiya ga Allah da fankar ta daina aiki, domin da ta ci gaba, motar ce za ta kama. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Rile shi ne maganin wannan. Ɗan akwati ne mai ƙafa huɗu, kowace da lambarta a ƙasa: 30, 85, 86 da 87. Aikinsa kamar na ɗan aike ne da ke kiran ɗan dako: makunni ya tura 'yar wuta kaɗan, wadda ba ta kai rubu'in amfiya ɗaya ba, rile kuma ya ɗauki babban kayan. Ƙafa ta 30 tana karɓar waya mai kauri daga kan batir, ta bi ta fis mai amfiya 30 ko 40 gwargwadon girman fankar. Ƙafa ta 87 ta kai wutar ga fanka da waya mai kauri iri ɗaya, milimita 2.5 a ƙalla, 4 idan fankar babba ce. Ƙafa ta 86 ta ɗauki wuta daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa ki, ita ma da ƙaramin fis nata. Ƙafa ta 85 ita ce ke shiga cikin mota ta je makunni, daga makunni zuwa at. Da wannan tsarin, wayar da ta ratsa zuwa wurin direba ta at ce kawai. Ko da ƙarfe ya ci ta ta taɓa bodi, iyakarta fanka ta tashi, babu gobara.

Fis ɗin nan kuwa kusa da batir ake sa shi, kamar taƙi ɗaya. Yara kan so su kai shi kusa da fanka don ya fi sauƙin ɗaurawa, sai in tambaye su: tsakanin batir da inda ka sa shi, idan wayar ta goge a jikin ƙarfe, wa zai yanke wutar? Fis waya yake tsaro. Haka ramin da waya za ta bi ta shiga cikin mota, a sa masa roba. Salatif kaɗai ba ya daɗewa a zafin inji, yana saki ya bar waya tsirara.

Me ya sa 86 za ta bi ki? Saboda ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Direba zai dawo a gajiye, ya kashe mota ya shige gida, fanka na ta juyawa har asuba, da safe sai turi. Akwai kuma masu ɗauko babbar wutar fankar daga layin kin kansa don gudun sayen rile. Ban da nauyin da suke ɗora wa makullin, wani abin mamaki kan faru: ka kashe ki, inji ya ci gaba da aiki na 'yan daƙiƙu. Fankar da ke kan juyawa ta zama janareta, tana mayar da wuta cikin layin. Wani ya ce mini aljanu ne a motarsa.

Babban abin da na riƙe shi ne kada makunnin hannu ya kori na asali. A bar sensa ta ci gaba da aikinta, makunni ya zama ƙari a gefe. Idan direba ya manta, mota ta tuna. Inda aka cire sensa gaba ɗaya aka bar komai a hannun mutum, rana ɗaya tak ya shagala da waya a cikin gosilo ta isa gasket ya ƙone, top silinda ya lanƙwashe, kuɗin da za a kashe ya ninka na sensa sau da yawa. Sai dai haɗa su gefe da gefe yana son a san halin motar. A tsofaffin Honda, sensa tana haɗa layin da at ne idan ruwa ya yi zafi, don haka makunnin da zai kai wannan wayar ga at ya wadatar. A tsofaffin Toyota irin su Corolla abin a juye yake: sensa tana yanke layin ne idan zafi ya kai, shi ya sa da ka zare soket ɗinta, ki a buɗe, fanka take tashi. Wanda ya haddace hanya ɗaya ya zo ya yi ta a ɗayar motar, zai wuni yana zargin rile. Golf kuwa sensarta a jikin lagireto take, mai gudu biyu, kuma fankarta na iya tashi ko da an zare ki. Wannan nake fara gaya wa sabon yaro kafin ya zura hannu.

Su kuma motocin yanzu, waɗanda birenbos, wato kwamfutar mota, ke sarrafa gudun fankarsu ta wani ɗan akwati da ke manne a jikinta, ba na taɓa musu wannan layin. Ka tura wuta inda ba a tsara ba, ka ƙona abin da ya fi fankar tsada, ko fitilar cek injin ta zauna maka daram. Irin waɗannan a sa musu kwamfuta a ga abin da take faɗa.

Zancen dairek kuma, wato fanka ta tashi da buɗe ki ta yi ta gudu har a kashe, na san kusan ya zama al'ada a ƙasar nan, tare da ɗan'uwansa cire tamostat. Ana cewa an yi tamostat ne don ƙasar Turawa mai sanyi. To mu a Jos me za mu ce? Da asubar watan Disamba ko Janairu, hunturu na kaɗawa, mutum ya fito da rigar sanyi da hula, mota babu tamostat, fanka na hura lagireto tun daga ƙofar gida. Injin ba zai kai zafin aikinsa ba har ka je Bukur ka dawo. Inji mai sanyi ya fi shan mai, fulogi na yin baƙi, baƙin mai na saurin lalacewa, hita kuma ba ta kawo ɗumi. Ita fankar ma gawayinta, wanda ke kai wuta cikin injinta, yana cinyewa da wuri tunda ba ta hutawa, ga altaneta na ɗauke da wat kusan 200 a banza. A kan babban titi kuwa, iskar da ke shiga ta gaba ta fi wadda fanka ke ja, ba a buƙatarta sam. Ranar da ta gaji ta tsaya, a cikin cunkoso za ta tsaya, inda aka fi buƙatarta.

Akwai tambayar da ba ta shafi waya ba amma ita ke yanke hukunci: wa ke tuƙa motar? Direban haya da idonsa ke kan allura kullum, na yarda da shi. Motar gida da Alhaji zai fita da ita da safe, Hajiya ta kai yara Islamiyya da yamma, ƙanensa ya ara da dare, wannan ba ta makunni ba ce. Na taɓa gaya wa wani haka ya ce, "Haba Malam, ai zan yi musu bayani." Na ce, "Ranka ya daɗe, ka yi wa mutum uku, na huɗun da zai karɓi ki ranar biki fa?" Ya yi dariya, muka saya masa sabuwar sensa. Ga wanda allura ta hau masa a hanya kuma, kafin ya iso wurinmu, ya kunna hita har ƙarshe ya sauke gilasai, tana kwashe wani zafin daga inji. Kuma kada ya kuskura ya buɗe murfin lagireto da zafinsa.

Idan na sa makunni, ina zaɓar mai ɗan kwai a jiki, in ɗaura shi inda ido zai gani ba ƙarƙashin sitiyari ba. Sannan in duba inda iskar ke bi, domin idan aka juya wayoyi biyun da ke shiga fankar, za ta yi ta juyawa da ƙara amma tana tura iska waje. Takarda nake sa wa a gaban lagireto: in ta manne, daidai ne, in ta faɗi, a sake juya wayoyin. Daga nan sai in kashe makunnin, in bar injin yana aiki a tsaye, mu zauna a kan benci da mai motar muna kallon allura. Wasu kan ƙosa, "Oga, ai ta yi, ina sauri." Sai in ce ya ƙara haƙuri kaɗan. Idan fankar ta tashi da kanta, ta yi ɗan gudunta ta tsaya, sai in rufe bonet in karɓi kuɗina. Idan ba ta tashi ba, motar a gareji za ta kwana.