Idan murjanin tankinka ya fara koɗewa

Da zarar launin murjani, halittar tekun nan da ake kiwo a tanki, ya dusashe, yawancin masu tankin ruwan gishiri sai su canja fitila, su zuba magani, su sauya ruwa, duk a rana guda. Daga nan ba a ƙara gane abin da ya jawo lalacewar. A tsaya a duba tukuna.

Fara da jikinsa. Idan ya yi fari fat amma naman yana nan, to ya kori ƙananan halittun da ke zaune a cikin namansa suna ciyar da shi. Zafi ko haske mai yawa ke jawo haka, kuma yakan farfaɗo. Idan ya koma ruwan ƙasa, naitret da fosfet, sinadaran da datti ke bari a ruwa, sun yi yawa, ko haske bai ishe shi ba. Abin tsoro shi ne naman ya riƙa saluɓewa daga gindi, farin ƙashi ya bayyana. Irin su Acropora, murjani mai rassa, kan ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka a yanke rassa masu lafiya, kamar santimita ɗaya sama da inda ya mutu, a manna su a wani dutse.

Sai awo. Gishiri ya tsaya a 35 ppt (kashi 35 cikin dubu), wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, kuma a saita na'urar awon da ruwan gwaji na 35. Na'urar da ta kauce takan ruɗi mutum watanni. Zafin ruwa ya zauna a digiri 25 zuwa 26 na Salsiyos. Daga 29 zuwa sama akwai haɗari, kuma a zafin watan Afrilu irin namu, in aka ɗauke wuta, fanfo ya tsaya, iskar ruwan ma raguwa take yi.

Inda na fi zargi shi ne alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na kashe tsami, wanda ake aunawa da dKH. Tsakanin 7 da 9 dKH duk ya yi, hawa da saukarsa ne ke kisa. A auna shi kullum a lokaci ɗaya har mako guda, a rubuta. Idan yana motsi fiye da 1 dKH a rana, an kama ɓarawon. Gyaran ma a hankali ake yi, rabin dKH a rana ya isa. Idan ya haura 10 alhali naitret da fosfet sun kusa sifiri, kan rassan yakan ƙone. Kalsiyam ya zauna a 400 zuwa 450 ppm (kashi cikin miliyan), magniziyam wajen 1300, fosfet 0.03 zuwa 0.1.

Idan awo duka ya yi daidai, a nemi ƙarfe: maganaɗisun goge gilashi da ya tsage ya yi tsatsa, ko wani mahaɗin tagulla a bututu. A cire shi, a sa gawayin tace ruwa, a sauya kashi 20 cikin ɗari na ruwan da sabon ruwan gishiri da aka haɗa da tataccen ruwa. Da dare kuma a haska gindin murjanin da tocila. Tabon cizo zagayayye da tarin ƙwai a jikin Acropora aikin tsutsa mai faɗi ne. Maganin da ake tsoma murjanin a ciki yana kashe manyan amma ba ya taɓa ƙwan, sai an kankare su, a maimaita tsomawar duk mako har sau shida.